Baba Tsaf da Keken Mai Awon Ruwan Sama

Shagon yana ƙarshen layi, manne da na tela. Faɗinsa taku huɗu, tsawonsa taku shida. A bangon dama an kafa ƙusoshi ashirin da uku, kowace ƙusa da sifanar da ke rataye a jikinta, kuma an bi gefen kowace sifana an zana siffarta da farin fenti, don in ɗaya ta yi ɓatan dabo bangon da kansa ya kai ƙara. A bangon hagu akwai kanta mai hawa uku. Hawan sama kwalaben 'ya'yan boris ne, kowane girma da kwalbarsa. Na tsakiya notuna ne da washa. Na ƙasa kuwa gwangwanin giris, da tasar kananzir, da tsummokara a ninke. A cikin wannan ɗan fili Baba Tsaf ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran keke.

Laƙabin daga aikin ya samo shi. In ya gama haɗa ƙafar keke, yakan riƙe aksul, wato sandar ƙarfen da ke ratsa tsakiyar ƙafar, da yatsun hannayensa biyu, ya miƙa ta gabansa, ya tura tayar da gwiwa. Sai ya rufe ido yana ƙirga numfashinsa. Yakan ce yatsa ya fi kunne ji. Ƙafa mai lafiya a wurinsa ita ce wadda za ta kai numfashi goma sha biyu tana juyawa. In ta tsaya, sai ya girgiza aksul ɗin gefe da gefe. In bai ji motsi ko na silin gashi ba, sai ya buɗe ido ya ce, "Tsaf." Tun yana saurayi yake faɗin haka, har mutanen layi suka manta sunansa na ainihi.

Wanda ya koya masa aikin wani tsoho ne mai ido ɗaya, kuma shi ya bar masa doka tare da shagon. "Keke ya dawo maka sau ɗaya," in ji tsohon, "laifin ƙarfe ne. Ya dawo sau biyu, laifin hanya ne. In ya dawo sau uku a kan ciwo ɗaya, hannunka ne ya mutu. Ka rataye sifana, ka ba masu rai wuri." Ba magana ce ta baki kawai ba. A gaban Baba Tsaf wani keke kore ya dawo wa tsohon karo na uku, tsohon ya goge hannunsa da tsumma, ya miƙa masa makulli, ya fita bai waiwayo ba.

Baba Tsaf ya riƙa maimaita wannan doka ga duk wanda ya zauna a bencinsa, har babu wanda bai haddace ta ba a layin. A shekara arba'in da ɗaya, kekunan da suka dawo masa sau biyu guda huɗu ne, kuma yana iya faɗa maka launin kowanne. Wanda ya dawo sau uku, babu.

Daga bakin ƙofar shagon, in ka bi layin da ido har ƙarshensa ka ɗaga kai sama da rufin gidaje, akwai wani tudu. A ƙololuwarsa akwai wani ɗan farin ɗaki da dogon ƙarfe a gefensa. Da safe tudun shuɗi ne, da rana ya koma ruwan toka, da yamma kuma ya yi ja kamar an shafa masa wuta. Lokacin da suke sabon aure, Baba Tsaf kan ɗauki matarsa a kariya, mazaunin bayan baƙin kekensa, su zaga bayan gari, ita kuma ta nuna tudun da haɓa ta ce, "Yaushe za ka kai ni can?" Ya ce, "Wata rana, in aiki ya yi sauƙi." Aiki bai yi sauƙi ba. Ta rasu shekara tara ke nan, kuma har yau shi ma ƙafarsa ba ta taka tudun ba. Sai dai in hannunsa na cikin kananzir yana wanke ƙarfe, idonsa kan tafi can da kansa, ya daɗe bai dawo ba.

'Ya ɗaya suka haifa. Tana aiki a wani kantin magani, kuma shi "Uwata" yake ce mata. Kowace Asabar takan zo da shayi a fulas, ta zauna a benci tana kallon hannunsa. Ta ga yadda a bana yatsun suka fara ɗan karkarwa in zai ɗauki ƙwayar boris, har ya koma lakato giris a yatsa ya manno ta. Ba ta taɓa faɗa ba. Abin da take faɗa kullum ɗaya ne: "Baba, ɗakinka fa na nan. Na sa gado, na sa labule." Shi kuma amsarsa ɗaya: "In keke ya dawo sau uku, Uwata, da ƙafata zan zo."

Ranar wata Litinin da hantsi, wani mutum dogo siriri ya tsaya a ƙofar shagon da ƙafar keke a kafaɗa. Ƙafar kawai, babu keken. Tayar mai kauri ce, mai ƙuraje kamar bayan kada, a gefe ɗaya kuma haƙoran giyar keke jere bisa jere har hawa takwas.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu. Ɓarayi ne suka bar maka wannan, ko kai ka bar musu sauran?"

Mutumin ya yi dariya. Ya ce keken yana ofis. Keken hawan dutse ne, irin wanda ƙafarsa ke fita da hannu ba sai da sifana ba, shi ya sa ya ɗauko inda ciwon yake kawai. Shi ma'aikacin ofishin duba yanayi ne. Kowace safiya yana hawa tudu zuwa wani farin ɗaki, ya duba ma'aunin ruwan sama, ya rubuta abin da ya gani, ya sauko. Kwanan nan ƙafar baya ta fara riƙewa.

"Kamar wani ya kama min riga ta baya, Baba. Ko a gangara sai na taka feda."

Baba Tsaf ya ajiye abin da ke hannunsa. "Kai ne mutumin farin ɗakin can?"

"Ni ne, shekara shida ke nan."

"Me ke can sama?"

"Ba komai, Baba. Gwangwani ne da iska." Ya gyara zaman ƙafar a kafaɗarsa. "Sai dai wata safiyar gajimare kan kwanta ƙasa da kai. Garin duk ya ɓace, ka ga kamar kana tsaye a bakin kogin auduga."

Tela ya leƙo ta ƙofarsa, tef a wuya. Shekara talatin ke nan suna maƙwabtaka da Baba Tsaf, kuma babu ranar da ba su tsokani juna ba. "Au, ashe ruwan sama ma awonsa ake yi? To Mai Awo, ni da kai sana'armu ɗaya." Daga nan sunan ya bi mutumin.

Baba Tsaf ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Ya kwance notin kulle na gefen hagu, ya zare washa, ya kwance kon, wato notin nan mai tsinin baki da ke danne 'ya'yan boris a cikin kwanonsu. Ƙwaya tara a hagu, tara a dama. Giris ɗin ya bushe ya zama kamar tsohon danƙo, ga yashi a ciki. Ciwo a fili. Da ya zaro aksul ɗin sai ya ji shi sakayau a hannu. Ya juya shi, ya ga rami ya ratsa shi daga baki zuwa baki kamar kara. Duk aksul ɗin da ya taɓa riƙewa a rayuwarsa cikakken ƙarfe ne.

"Zamani ke nan," ya ce. "Har ƙarfe ma cikinsa babu komai."

Ya kai shi ido ya leƙa ta ramin. A can ƙarshen ɗan duhun, cikin wani zagaye mai haske bai fi ƙwayar wake ba, sai ga farin ɗakin tudu, shi kaɗai, kamar an ɗauko shi an ajiye masa. Ya daɗe yana kallo, har Mai Awo ya yi gyaran murya.

Ya wanke komai da kananzir, ya zuba sabon giris, ya jera ƙwayoyin, ya ɗaura kon a hankali har motsi ya ɓace ɓat, ya kulle. Gwiwa ta tura taya. Numfashi goma sha huɗu.

"Tsaf."

Ranar Laraba Mai Awo ya dawo da ƙafar a kafaɗa.

"Baba, riƙewar na nan. Da na kai rabin hawa na taɓa tsakiyar ƙafar, ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi."

"Ɗaya!" in ji tela ta bayan bango, bai ko dakatar da ɗinkinsa ba.

"Kai dai ci gaba da taka kekenka da ba ya zuwa ko'ina," in ji Baba Tsaf.

"Bai kai ni ko'ina ba, amma bai taɓa dawo min da ƙara ba."

Baba Tsaf ya gwada ƙafar a hannu. Numfashi goma sha uku, sumul. Duk da haka ya sake warware ta. Ya ɗauko wani guntun gilashin taga da yake ajiyewa don wannan aiki, ya mirgina aksul a kai ko zai ga lanƙwasa. Miƙe yake sak. Ya bi bakin kowane kon da farce, ya ji wani ɗan layi siriri a na dama, wanda bai tuna ya gan shi ranar Litinin ba. Ya canza kon ɗin, ya canza ƙwayoyin goma sha takwas gaba ɗaya. Ya yi tunanin ko noti ne ya kwance a hanya, don haka ya ƙara ƙulle shi tamau, ya kuma tabbatar babu motsi ko na numfashin sauro. Ya ce, "Tsaf," amma muryar ba ta kai ƙofa ba.

Ranar Asabar 'yarsa na zaune a benci tana zuba masa shayi, inuwa ta tare ƙofa. Mai Awo ne, ƙafa a kafaɗa, yana kallon ƙasa kamar shi ya yi laifin.

Keken ɗinkin tela ya tsaya. Bai ce "biyu" ba, kuma wannan shirun ya fi yi wa Baba Tsaf ciwo.

'Yar ta ajiye fulas a hankali. "Baba, saura ɗaya ke nan. Kai ka faɗa, ba ni ba."

"Na sani, Uwata. Magana zarar bunu ce." Ya juya ga Mai Awo. "Ɗana, je ka kawo min keken dukansa. Ni ma da wautata. Wa ya taɓa kai ƙafar majiyyaci asibiti ya bar mai ƙafar a gida?"

Bayan azahar keken ya iso. Shuɗi ne, mai ƙiba a gaba, duk jikinsa tabon duwatsu. Mai Awo ya nuna masa yadda ake ɗaura ƙafar: akwai wani dogon tsinken ƙarfe da ake zurawa ta cikin ramin aksul, a bakinsa da ɗan mariƙi mai lanƙwasa. In ka danne mariƙin har ya bar shaida a tafin hannunka, ƙafa ta kamu. Ya ce gobe abokin aikinsa ne zai hau tudu da motar ofis, amma Litinin da sassafe dole ya karɓi kekensa.

Da kowa ya watse, Baba Tsaf ya kifar da keken, sirdi a ƙasa, ƙafafu a sama. Ya bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba. Ya buɗe birki gaba ɗaya, ya ga ba ya gogar komai. Ya sauke kaca daga haƙoranta. Ya ja zare daga wuyan keken zuwa bayansa ta kowane gefe, ya auna, jikin bai karkace ba. Ya cire ƙafar ya juya ta a hannu: goma sha huɗu. Ya mayar da ita, ya danne mariƙi, ya juya: huɗu. Ya ɗauki alli ya rubuta a siminti. Ya sake cirewa, ya sake mayarwa. Goma sha huɗu, huɗu. Goma sha huɗu, huɗu. Layi shida ya rubuta, babu wanda ya saɓa.

Ƙafa lafiya lau a hannunsa, keke lafiya lau shi kaɗai, amma in suka haɗu sai ciwo. Ya zauna a kan ɗan kujerarsa ya dubi yatsunsa. Suna karkarwa kaɗan-kaɗan, kamar ganyen da iska ke shafa. Ya tuna yadda tsoho mai ido ɗaya ya goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa, ba gaggawa.

Rana ta yi nauyi. Keken tela na ta ƙara a bayan bango, ƙamshin kananzir ya cika shagon. Baba Tsaf ya jingina kafaɗa da tebur, hannunsa ɗaya yana tura tayar ba tare da ya sani ba, ɗayan yana kan mariƙin. Idonsa ya tafi tudu, daga tudu kuma ya wuce can baya, zuwa wata yamma da hanya ta gangara bayan gari. Matarsa na kan kariya, gefen mayafinta na kaɗawa. Keken ya ɗauki gudu, ta tsorata, ta zagaye cikinsa da hannu biyu ta ƙanƙame shi. Yana dariya yana cewa, "Sassauta mana, numfashina ya tsaya!" Ita kuma tana cewa, "In na sassauta na faɗi!" Sai ya koyi dabara: in za su shiga gangara, ya riƙa sakin ɗamarar wandonsa rami ɗaya tun kafin ta riƙe shi.

Yatsansa ya ɗaga mariƙin. Tayar da ke shirin tsayawa ta ci gaba da tafiya, sakayau, tana ɗan rera wata siririyar ƙara. Yatsan ya danne. Ƙarar ta shaƙe, tayar ta yi nauyi, ta tsaya.

Ya buɗe ido sosai. Ya tura, ya ɗaga, ya danne. Ya sake. Sau biyar ya yi.

Sai abin ya bayyana gare shi a fili, kamar an yaye labule. A kekunan da ya sani, noti biyu ne ke kama ƙafa, kowanne yana cizon gefensa, babu ruwansu da tsakiyar aksul. Yadda ka saita a hannu, haka zai zauna a hanya. Wannan kuwa tsinken yana ratsa ramin ne ya matso bakin nan da bakin can. Ƙarfe mai rami in aka matse shi haka yakan ɗan tsuke, tsukewar da ido ba ya gani, sai kon biyu su ƙara dannowa ciki. In an bar musu ɗan wuri, matsewar ta cinye wurin, komai ya zauna daidai. Shi kuwa bai bar ko silin gashi ba. Bai taɓa bari ba a rayuwarsa.

Ciwon da Mai Awo ya kawo ya warke tun ranar Litinin. Abin da ya dawo ranar Laraba, ya kuma dawo yau, aikin hannunsa ne.

Ganewa daban, yi daban. Ya ɗauko siraran sifanu biyu, ya saki notin kulle, ya mayar da kon baya kaɗan. Da ya zo kullewa, yatsunsa da kansu suka ƙarasa juyin da suka saba, motsi ya ɓace. Ya sake. Suka sake. Sau uku hannun na ƙin bin umarninsa, kamar tsohon jakin da ya san hanyar gida ɗaya tak. A na huɗu ya ciji leɓe, ya riƙe kon ɗin da ƙarfi, ya kulle yana kallon bango don kada ya ga abin da yake yi.

Ya girgiza aksul. Ƙis, ƙis. Ɗan motsi, amma akwai shi. Kunya ta kama shi shi kaɗai a cikin shagonsa.

Tela ya shigo a daidai lokacin, ya karɓi ƙafar ya girgiza. "Inna lillahi! Wannan aikinka ne? Da wani ya kawo maka haka, ai sai ka tambayi wane makaho ne ya taɓa ta."

"Miƙo nan, ka tsaya ka ga ikon Allah."

Ya ɗora ƙafar, ya danne mariƙi rabi, ya girgiza taya. Motsin na nan. Ya ƙarasa dannewa har tafinsa ya yi shaida. Ya girgiza. Shiru, kamar an zuba ta a wurin. Ya tura, ya rufe ido. Tela ya tsaya yana kallon leɓensa na motsi.

"Goma sha uku."

"To faɗi mana. Kunnena na jira."

Baba Tsaf ya girgiza kai. "Sau biyu na faɗa a shagon nan, sau biyu hanya ta ƙaryata ni. Wannan karon hanya ce alƙali."

Litinin da sassafe Mai Awo ya iso ya tarar da Baba Tsaf a ƙofar shago, ya sa takalmin fita, ga tsohon baƙin kekensa a jingine, sifanu biyu ɗaure a kariya. Ƙofar shagon a kulle.

"Tare za mu hau. Ba zan zauna ina jira a kawo min labarin mutuwar hannuna ba. In zai riƙe, ya riƙe a gabana."

Tela, wanda ya zo buɗe nasa shagon, ya tafa hannu. "Wayo a tsufa! Keken da ka bi ai ba a ce ya dawo ba."

"A'a. In ya riƙe a can, na ƙirga shi uku, kuma kai zan fara kawo wa makullin ka ajiye wa Uwata."

Tela ya juya ga ƙofar shagonsa. "Allah ya kiyaye hanya," kawai ya ce.

Har gindin tudu Baba Tsaf a kan keke ya je. Daga nan ya sauka ya riƙa turawa. Hanyar tsakuwa ce, tana lanƙwasa kamar igiyar da aka yar. Mai Awo kan yi gaba a hankali, ya tsaya a kwana ya jira, in tsohon ya iso yana haki sai ya sunkuya ya ɗora bayan hannunsa a tsakiyar ƙafar baya. Kwana ta farko, sanyi. Ta biyu, sanyi. A ta huɗu, inda Mai Awo ya ce nan ne yake jin ɗumin, Baba Tsaf ya daɗe da hannunsa a wurin, yana tsoron ko ɗumin jikinsa ne zai ruɗe shi. Sanyi ƙalau, har da raɓa.

Sau bakwai ya huta. Bayan hutu na biyar suka shiga hazo, fari fat, ba ya ganin komai sai bayan rigar Mai Awo da jin ƙarar tsakuwa. Ya ji kamar yana tafiya cikin barci. Sai kuma hazon ya yi laushi, ya yi haske, ya tsage, ga rana, ga sama shuɗiya, ga farin ɗakin a gabansa.

Ƙarami ne, bai kai shagonsa ba. Fentin ya ɓare ta gefe ɗaya. A cikin wani ɗan shinge akwai gwangwani mai baki kamar mazurari. Mai Awo ya buɗe shi, ya juye ɗan ruwan da ke ciki a kwalba mai zane, ya ɗaga ta saitin ido, ya rubuta a littafinsa.

Baba Tsaf ya taka zuwa bakin dutse. Garin babu shi. Gajimare ya kwanta daga ƙafarsa har iyakar gani, yana motsi a hankali kamar mai numfashi. Ya nemi layinsu, ya nemi rufin shagonsa, inda ya yi shekara arba'in da ɗaya yana ɗago kai, bai ga ko alama ba. Iska ta cika masa riga.

"To ga shi nan," ya ce a hankali, ba da Mai Awo yake ba. "Gwangwani ne da iska. Amma da kin gani."

Mai Awo ya rufe littafi. "Saura gangara, Baba. Ita ce ta gaskiya. Can ƙasa akwai wata 'yar gada, bayanta hanya ta ɗan miƙe. Da can lokacin da keken ke da lafiya, daga nan har in haye gadar ba na taka feda ko sau ɗaya. In na haye yau, zan buga maka ƙararrawa sau uku. In ka ji shiru, to."

"Je ka."

Keken ya sulale, ya sha kwana, hazo ya haɗiye shi. Sai ƙarar ƙafar baya ta rage, tik-tik-tik, siririya, tana nisa. Baba Tsaf ya rufe ido ya fara ƙirga numfashi. Goma. Ashirin. Ƙarar ta ɓace, ya ci gaba da ƙirgawa cikin shiru. Wajen arba'in da wani abu ya ji kamar hannu biyu sun zagaye cikinsa, sai lissafin ya kuɓuce masa, karo na farko tun da ya fara ƙirga. Ya tsaya haka nan, iska na wucewa, bai san ko minti nawa ba.

Daga can ƙarƙashin farin gajimaren, ƙanƙanuwa kamar ƙarar cokali a kofi, ƙararrawa ta buga. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ya buɗe ido. "Tsaf," ya ce wa iska.

Rana ta kusa tsakiya kafin ya iso layi, yana tura keke, ƙafafunsa duk ƙura. 'Yarsa na tsaye a ƙofar shagon da rigar aikinta. Wani ya gaya mata an ga shagon a kulle ranar aiki, abin da ba a gani ba tun kwanakin rasuwar mahaifiyarta, ta baro kanti a guje. Tela ya ba ta kujera ta ƙi zama.

"Baba! Ina ka shiga? Dubi ƙafarka. Keken ne ya dawo?"

"Bai dawo ba, Uwata. Ni na dawo."

Ta dube shi, ta dubi tudu, ta sake dubansa. Ta gane, ba ta tambaya ba. Ta karɓi makullin daga hannunsa, ta buɗe masa ƙofa da kanta.

"To ɗakin fa?" ta ce, tana kakkaɓe masa kafaɗa.

"Bar shi yadda yake. Ran Lahadi zan zo in gwada gadon, gwiwar nan na neman katifa mai laushi." Ya juyo ya dube ta. "Tagar wane gefe take kallo?"

"Gefen tudu."

Ya gyaɗa kai. Ya kwance sifanu biyun daga kariya, ya mayar da kowace a kan ƙusarta, daidai cikin zanenta. A ƙasa lambobin allin na nan, goma sha huɗu, huɗu, layi shida. Ya ɗauki tsumma zai goge, sai ya fasa. Ya ɗauki alli ya ƙara layi na bakwai a ƙarƙashinsu: goma sha uku. Tela na ta kiran sunansa ta bayan bango yana neman labari, ga kuma wata mata ta tsaya a ƙofa da keke mai feda sako-sako. Baba Tsaf ya jawo kujerarsa, ya naɗe hannun riga.